Wa ke biyan kuɗin dakon bidiyo? Sharhi kan fasahar ba-ni-in-ba-ka da kasuwar kallo ta intanet

Gidan rediyon da ke watsa shiri daga Maradi ba ya ƙara kashe ko dala ɗaya idan masu saurarensa suka tashi daga ɗari zuwa dubu ɗari, domin murya ɗaya ce yake sakewa a iska, kowa ya kama da akwatinsa. Intanet ba haka aka gina ta ba. Duk wanda ya buɗe bidiyo a wayarsa, kwafi ne na musamman ake aiko masa daga rumbun kwamfutocin kamfani, kuma idan mutum dubu suka buɗe bidiyon nan a lokaci ɗaya, sau dubu za a aika shi. Lissafin ba shi da wuya: bidiyo mai matsakaicin kyau da ke gudu a megabit 1 cikin daƙiƙa yana cin kimanin mega 450 a awa guda, don haka idan aka kalli wannan awa sau miliyan ɗaya, sai an yi dakon terabait 450 daga rumbu zuwa wayoyin mutane. Ke nan a wannan kasuwa farin jini da kansa ɗawainiya ne, kuma tun farkon shekarun 2000 tambayar da ke gaban duk mai son sayar da kallo ta intanet ita ce wa zai ɗauki nauyin wannan dako.

Amsa mafi wayo da aka taɓa bayarwa ita ce fasahar ba-ni-in-ba-ka, wadda masana ke taƙaitawa da P2P. Tushenta shi ne a daina kallon mai kallo a matsayin mai karɓa kawai, a mayar da shi mai bayarwa kuma. A ɗauka malami yana da littafi guda wanda takardunsa ba a ɗinke suke ba, ga almajirai hamsin kowa na son kwafinsa. Idan suka jira ɗaya ya gama kafin ɗaya ya karɓa, shekara za ta ƙare ba su gama ba, amma idan malam ya raba musu takardun, kowa ya kwafi tasa sannan suka riƙa musaya a tsakaninsu, sau ɗaya littafin zai fita daga hannun malam, kuma yawan almajiran ya zama abin da ke hanzarta aikin.

Tsarin BitTorrent, wanda Bram Cohen ya fitar a 2001, shi ne ya fi kowane tsari iya wannan rabo. Ana yanka fayil gutsure-gutsure, kowane gutsure da tambarin lissafi na kansa wanda ke ba mai karɓa damar tabbatar da cewa ba a gurɓata abin da aka ba shi ba. Sannan akwai ƙa'idoji biyu da suka riƙe tsarin. Ta farko, kowace na'ura tana fara neman gutsuren da ya fi ƙaranci a cikin taron, don kada wani sashe na fayil ɗin ya ɓace idan mai shi ya kashe kwamfutarsa. Ta biyu, na'ura tana fifita waɗanda ke ba ta da sauri wajen rabon abin da take da shi, ta yadda marowaci zai ga saukewarsa na tafiyar hawainiya. Wanda ya gama saukewa ya ci gaba da bayarwa shi ne jigon taron, kuma a nan ne raunin tsarin yake: fim ɗin da ake yayi yana sauka kamar walƙiya, amma tsohon da ba mai nema, ranar da mai bayarwa na ƙarshe ya tafi, ya mutu ke nan.

Fasahar ta shigo duniya da baƙin suna. Napster, wanda ya fito a 1999 don musayar waƙoƙi, kotu ta durƙusar da shi a 2001, kuma a 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Grokster cewa kamfanin da ke zuga mutane su keta haƙƙin mallaka da manhajarsa yana iya ɗaukar alhakin abin da suka yi. Duk da haka ƴan kasuwa sun hango riba a ciki, musamman bayan da Niklas Zennström da Janus Friis, waɗanda suka kafa manhajar musayar fayiloli ta Kazaa, suka yi amfani da irin wannan dabara wajen gina Skype, manhajar kiran waya ta intanet, a 2003, har eBay ya saye shi a 2005 kan dalar Amurka biliyan 2.6. Idan murya ta yiwu, me zai hana hoto?

Shekarar 2007 ce aka fi gwada wannan fata. Mutanen nan biyu suka fito da Joost, talabijin ta intanet da ake kallo kyauta ana biyan kuɗinta da talla, masu kallo kuma na taya kamfani dako ba tare da yawancinsu sun lura ba. Kamfanin BitTorrent ya buɗe kantin sayar da fina-finai da hayarsu bisa izinin masu su. BBC ta fara iPlayer, dandalinta na kallon shirye-shirye ta intanet, tana amfani da fasahar ba-ni-in-ba-ka ta kamfanin Kontiki wajen sauke shirye-shirye. Ba a kai ƙarshen 2008 ba sai ga Joost ya ajiye ba-ni-in-ba-ka ya koma kallo ta burauza, kantin BitTorrent ya rufe, BBC ma ta sauya hanya, kuma a 2009 aka sayar da abin da ya rage na Joost. Spotify, wanda waƙa yake rabawa ba bidiyo ba, ya daure har 2014 kafin shi ma ya koma dogaro da rumbunansa. Inda abin ya yi ƙarfi da gaske a wancan zamani shi ne China, inda manhajoji irin su PPLive da PPStream suka tara miliyoyin masu kallon shirye-shiryen kai-tsaye.

Ya kamata a tsaya a kan dalilan wannan faɗuwa, domin ba gazawar lissafi ba ce, fasahar tana aiki. Abin da ya faru shi ne matsalar da ta zo warwarewa ta yi arha kafin ita ta kafu. Kamfanoni irin su Akamai, wanda aka kafa a 1998, sun baza ƙananan rumbuna a kusa da masu kallo, farashin dakon kowane giga ya riƙa sauka shekara bayan shekara, sannan manyan masu bidiyon suka fara kai akwatunan ajiyarsu har cikin ɗakunan kamfanonin sadarwa: Google yana da nasa tsarin, Netflix kuma ya ƙaddamar da Open Connect a 2012. Da zarar fim ya kwana a cikin akwatin da ke garinku, ba ka da bukatar maƙwabci ya miƙo maka shi. Ga kuma bambancin saukewa da kallo nan take. Mai saukewa bai damu da wane gutsure ya fara isowa ba, amma mai kallo yana bukatar minti na biyu kafin minti na arba'in, kuma yana bukatarsa yanzu, wanda hakan ya ci karo da ƙa'idar fara neman gutsuren da ya fi ƙaranci. Sai a haɗa da cewa Joost na neman a girka manhaja ta musamman alhali YouTube, wanda Google ya saya a 2006 kan dala biliyan 1.65, danna ɗaya yake bukata. Kamfanonin sadarwa ma ba su so abin ba, tunda layukansu ne ke ɗaukar nauyin da mai bidiyo ya sauke daga kansa, har a 2007 aka gano Comcast na Amurka yana shaƙe zirga-zirgar BitTorrent a ɓoye. A ganina dalilin da ya fi duka nauyi shi ne na ƙarshe: kuɗin dako ƙaramin kaso ne idan aka kwatanta da kuɗin sayen haƙƙin fina-finan da mutane ke son gani. Joost ya rage kuɗin hanya, amma kayan da ke kantinsa ba su ja kasuwa ba.

Fasahar ba ta mutu ba, shiga ta yi bayan labule. Samuwar WebRTC, wanda ya ba burauza damar magana da wata burauza kai-tsaye ba tare da girka komai ba, ta haifar da tsarin gauraye, inda rumbun kamfani ke bayar da farkon bidiyon da duk gutsuren da ya makara, masu kallo kuma su cike sauran a tsakaninsu. Kamfanin Streamroot na Faransa ya yi wannan sana'a har CenturyLink ya saye shi a 2019, Microsoft kuma ya sayi Peer5 a 2021 don taron bidiyo na ma'aikatu. PeerTube, wanda ƙungiyar Framasoft ta Faransa ta fitar da cikakken zubinsa na farko a 2018, yana ba ƙananan ƙungiyoyi damar buɗe dandalin bidiyo nasu ba tare da rumbu mai tsada ba. Wurin da wannan tsari ke biyan bukata a bayyane yake: inda mutane da yawa ke kallon abu ɗaya a lokaci ɗaya, kamar wasan ƙwallo ko jawabin shugaban ma'aikata, kuma suna kan layi mai faɗi wanda ba a ƙirga musu abin da suka aika.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne inda maganar ta shafe mu. An gina ba-ni-in-ba-ka a kan zaton cewa kowane gida yana da kwamfuta a kunne dare da rana, da layin waya da ake biyan kuɗinsa sau ɗaya a wata ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba, ta yadda ƙarfin aikawa da ke zaune a banza kyauta ne. A Maradi kusan kowa ta wayar hannu yake shiga intanet, da megan da ya saya a wurin Airtel ko Moov Africa ko Zamani Telecom ko Niger Telecoms, kuma ana cire masa a kan abin da ya aika kamar yadda ake cire masa a kan abin da ya karɓa. Wanda ya kalli awa guda ta mega 450 sannan wayarsa ta miƙa kwatankwacin haka ga wasu, ya biya kuɗin mega 900. Abin da ake kira rage kuɗin dako a takardun kamfani, a nan sunansa sauke nauyi daga kan mai biliyoyin dala zuwa kan wanda ke lissafin ko megansa za su kai shi Juma'a. Ga batir da ke ƙarewa, a garin da ɗaukewar lantarki ba baƙon abu ba ne kuma mutane da dama biya suke yi a yi musu caji.

Akwai kuma cikas na gini wanda ba a cika ambata ba. A tsarin wayar hannu, wurin da ya fi matsewa shi ne iskar da ke tsakanin waya da turken sadarwa, kuma wayoyi biyu da ke zaune a benci ɗaya ba sa magana da juna kai-tsaye ta rezo, wato layin kamfanin sadarwa. Sai saƙon ya hau turke, ya tafi cibiyar kamfani, sannan ya dawo ya sauko. Ke nan ba-ni-in-ba-ka ta rezo tana cin wannan matsattsen wuri sau biyu, hawa da sauka, alhali saukewa daga rumbu sau ɗaya take cinsa. Bayan haka kamfanoni sukan haɗa wayoyi masu yawa a bayan adireshin intanet guda, wanda ke wahalar da wata waya ta nemo wata daga waje, har sau da yawa sai an bi ta wata kwamfuta mai shiga tsakani, ribar da ake nema kuma ta zube.

Ba a ce hujjar masu goyon bayan fasahar ba ta da tushe ba. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinta ta ƙasashen gaɓa irin su Benin da Najeriya take biyowa, kuma duk bidiyon da ya tsallako iyaka an biya kuɗin hanyarsa da tsada. Ranar 14 ga Maris 2024, da manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama har da Nijar sun ɗanɗana abin da dogaro da nesa ke jawowa. Saboda haka duk dabarar da za ta sa kwafi ɗaya ya shigo sannan ya yaɗu a cikin gida tana da daraja. Sai dai mai cin wannan riba kamfanin sadarwa ne, kuma hanyar da ta fi sauƙi a gare shi ita ce akwatin ajiya a cibiyarsa, ba wayoyin abokan cinikinsa ba. Inda nake ganin ba-ni-in-ba-ka ta intanet za ta yi amfani na gaske a nan shi ne wuraren da na'urori da yawa ke kan Wi-Fi guda wanda ba a ƙirga zirga-zirgar cikinsa, irin su Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ko asibiti, ko ma'aikata, inda darasi ɗaya na bidiyo zai shigo sau ɗaya ta layin waje ya wadaci ɗalibai ɗari. Windows 10 ma tun 2015 yake da irin wannan dabara wajen raba sabuntawarsa tsakanin kwamfutocin da ke kan layi ɗaya.

Abin lura shi ne Maradi ta daɗe da tata ba-ni-in-ba-ka, wadda ba ta bi ta rezo ko kaɗan. Duk wanda ya zaga kasuwa ko bakin tasha ya san teburin mai turi: kwamfuta ɗaya da ta sha ƙura, faifan ajiya cike da fina-finan Kano da fassarar Indiya da wa'azi da waƙoƙi, igiyoyin caji sun harɗe, yaro ya miƙa waya ko katin ajiya ya ce a zuba masa sababbi, ya biya ƴan canji ya wuce. Mai turin shi ne ya sayi mega, galibi cikin dare, ya sauke sau ɗaya. Daga wayar yaron nan kuma fim ɗin zai bi Xender ko Bluetooth ya shiga wayoyin abokai a majalisa, ya shiga cikin gida wurin mata, ya hau mota zuwa Tibiri da Madarunfa da Dakoro, ba tare da an sake kashe mega ko ɗaya ba, domin wayoyin suna haɗuwa ne da juna kai-tsaye. A ma'aunin injiniya wannan tsari ya cim ma abin da Joost ya kasa: kwafi ɗaya ya tsallako iyaka, ɗaruruwa sun kalla. Google ma ya fahimci haka, shi ya sa manhajarsa YouTube Go ta ba da damar tura bidiyo ga wayar da ke kusa, kafin ya rufe ta a 2022.

Matsalar ita ce wanda ya yi fim ɗin ba ya cikin wannan ciniki. Hanyoyin samun kuɗi da bidiyo a intanet uku ne a taƙaice, wato talla, da biyan kuɗin wata-wata, da biya kafin kallon fim guda, kuma dukkansu suna tsaye ne a kan abu biyu: ƙofa da ƙidaya. Mai karɓar kuɗin wata yana bukatar ƙofar da zai rufe wa wanda bai biya ba, mai sayar da talla kuma yana bukatar ƙidayar da zai nuna wa mai kaya. Wannan ne ma ya sa manyan kamfanoni ke son bidiyo ya fito daga rumbunsu ko da dakon ya fi tsada, saboda wanda ke riƙe da rumbu shi ke sanin wa ya kalla, a ina, har zuwa minti na nawa, kuma wannan sani shi ne hajar da suke sayarwa. Turi daga hannu zuwa hannu ba ya barin sawu. Lokacin da kasuwar faifai ta mutu, masu shirya fina-finan Hausa da yawa sun koma YouTube da shirye-shirye masu dogon zango, inda mai tasha ke samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da aka saka a dogon bidiyonsa. Amma kallon da aka yi daga teburin mai turi ba ya shiga wannan lissafi, wanda ya shiga ɗin ma kuɗinsa ya danganta da abin da masu talla ke son biya don isa ga mai kallo a ƙasarsa, kuma abin da ake biya kan mai kallo a Sahel bai kama ƙafar na mai kallo a Turai ba.

To wane tsarin kasuwanci ne zai iya hawa kan turi maimakon ya yi faɗa da shi? Wanda ya riga ya tabbata shi ne tallar da aka dasa a jikin fim ɗin kansa, ta yadda duk inda kwafi ya je tallar na biye da shi. Masu shirya fim sun gano wannan da kansu, shi ya sa ake katse labari da tallar magani ko atamfa ko makaranta. A wannan tsari mai turi ba ɓarawo ba ne, ɗan dako ne da ba a biya, kuma kowane kwafi ƙarin daraja ne ga mai talla. Rauninsa shi ne rashin ƙidaya, don haka farashin tallar ya dogara da sunan jarumi da amincewar mai kaya, abin da ke fifita manyan da suka riga suka yi suna a kan sabon shiga. Hanya ta biyu ita ce a sayar wa masu turi da sari, su karɓi fim daga hannun mai shi kafin ya fita ko'ina, su biya kuɗin wannan fifiko na ƴan kwanaki. Wannan sai da ƙungiya mai ƙarfi da za ta tsawata wa ƴaƴanta, kuma darajar fifikon tana ƙarewa ne daidai lokacin da kwafin farko ya shiga Xender.

Ta uku ita ce ta fi burge injiniyoyi: a bar fayil ɗin ya yaɗu kyauta amma a kulle, wanda ke son kallo ya biya ƙaramin kuɗi ta kuɗin waya ko Airtel Money ko Nita, a aiko masa da mabuɗi wanda nauyinsa bai kai na hoto ɗaya ba. Dakon mega 450 ya tafi ta hannun mutane, ƙofa da ƙidaya kuma sun dawo wa mai fim. A takarda babu abin da ya fi wannan dacewa da garinmu. A aikace kuwa yana bukatar manhajar da kowa zai yarda ya girka, kuma yana gasa da kwafin da ba kulle, wanda ke fitowa da zarar mutum ɗaya ya naɗi fuskar wayarsa, don haka sai farashin mabuɗin ya yi ƙasa har ya zama neman na sata bai cancanci wahalar ba. Game da masu cewa za a biya mai bayarwa da kuɗin kirifto, kamar yadda aka ƙirƙiro BTT a 2019 bayan kamfanin kirifto na TRON ya sayi BitTorrent a 2018, lissafin bai fita ba a inda megan da mutum zai ƙona ya fi abin da za a ba shi tsada.

Abu guda ne zai iya sauya matsayin ba-ni-in-ba-ka ta rezo a nan, shi ne kamfanin sadarwa ya daina ƙirga megan da ke yawo tsakanin abokan cinikinsa a cikin ƙasa, ko ya sayar da su a farashi na daban mai rahusa. Yin hakan shawara ce ta kasuwanci da ta hukumar ARCEP mai sa ido kan sadarwa, ba ta masu rubuta manhaja ba, kuma kamfanin da cunkoson turakunsa ya fi kuɗin layin waje damunsa ba shi da dalilin gaggawar yin ta.